Na-gane da Agogon Injin Niƙa

Akwai irin mutumin da ba a ƙarasa yi masa bayani. Kana buɗe baki zai ɗaga maka hannu ya ce ya gane, in ka ci gaba kuma ya ce ka raina shi. Irin wannan ne babban ma'aikacin ɗakin binciken da ke hawa na biyu, wanda tun yana fushi da sunan har ya gaji ya soma amsawa in an kira shi Malam Na-gane. Shekara ashirin da uku yana wurin. Ya fasa kwalabe iya fasawa, ya taɓa ƙona labule, ya taɓa barin famfo a buɗe har ruwa ya sauka ofishin da ke ƙasa, amma in ka zauna da shi zai rantse maka duk wata na'ura da ke ɗakin a hannunsa ta koyi aiki.

Baiwa ɗaya dai ba a isa a ƙwace masa ba: ya san takun Farfesa, shugaban sashen. Tun daga ƙasan bene yake jiyo shi. Kafin Farfesa ya iso ƙofa, Na-gane ya kunna duk abin da ke ƙara, ya ɗauki kwalba ya ɗaga ta saitin fitila yana ƙanƙance ido kamar akwai wani abu a ciki ban da ruwan famfo. A lissafinsa aiki shi ne abin da shugaba ya gani da idonsa. Wanda aka yi ba ya nan kuwa asarar ƙarfi ne kawai.

Ana nan sai aka kawo sabon injin niƙa. Ba irin na markaɗe ba ne. Wannan aikinsa niƙa abin da ba ya niƙuwa: roba, gashi, ƙashi, kakin zuma. Ana zuba abin a wani bututu mai kauri da ake hango cikinsa ta jikinsa, tare da 'yar sandar ƙarfe, a toshe bakin bututun, a nutsa shi cikin ruwan naitirojin, ruwan nan mai farin tururi da in ka tsoma ganye a ciki sai ya karye kamar gilashi. In abin ya daskare ya yi tauri, sai injin ya riƙa wurga sandar gaba da baya tana dukansa har ya zama gari. Duk sirrin aikin a lokaci yake, kuma a ɗan allon da ke fuskar injin ake latsa masa lokutan.

Da za a tura mutum kwas na kwana uku a kan injin, Farfesa ya tsallake Na-gane ya tura wata matashiyar ma'aikaciya da kowa ke kira Mai-tabarau. Ta dawo ta latsa wa injin lambobinsa, ta adana su a ciki, ta kuma rubuta su a takarda ta manna a bango: minti goma na sanyayawa kafin a fara, minti biyu na niƙa, minti biyu na hutu, a zagaya sau huɗu. Aka ware wa injin ɗan ɗaki mai ƙofarsa da makullinsa. Farfesa ya ce ranar Alhamis baƙi za su zo daga hukumar da ke tantance ɗakunan bincike, in sun tafi zai faɗi wanda zai riƙe makullin dindindin.

Wannan magana ita ta hana Na-gane sakat. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, kuma tunda yake bai taɓa riƙe makullin komai ba sai na kabad ɗin da ake tara fasassun kwalabe. Yana son makullin nan har cikin ransa. Yana son ko sau ɗaya a ce wani dakta ya tsaya a bakin ƙofa yana jira sai ya zo. Ba laifi ba ne mutum ya so haka, ni ma na tausaya masa. Inda laifin yake shi ne hanyar da ya bi.

Ranar Litinin Mai-tabarau ta yi ƙoƙarin nuna masa yadda ake yi. Ba ta kai lamba ta biyu ba ya ce ya gane, ya ƙara da cewa abin da ya gane shi ne an sayo musu malalacin inji. Minti goma yana zaune bai ce uffan ba, ya yi aikin minti biyu, ya ce ya gaji a ba shi hutu?

"Baba, duka yana kawo zafi," in ji ta. "In bai huta ya sake sanyi ba, abin da ke ciki narkewa zai yi."

"'Yata, ni shekara ashirin da uku ban taɓa hutawa a gaban shugaba ba, kuma ban narke ba."

Iya mai shara tana goge bakin ƙofa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "A gabansa kam ba ka taɓa ba."

Na-gane ya yi kamar bai ji ba. Shi da Iya sun daɗe suna wannan zama, kuma bai taɓa cin nasara a kanta ba ko sau ɗaya.

Ranar Talata sa'a ta faɗo masa. Farfesa ya ce Mai-tabarau ce za ta tarbo baƙin, ta zauna da su a zauren taro tana miƙa musu takardun da suka nema, don haka makullin ya zauna wurin Na-gane zuwa Alhamis. Aikinsa kawai ya cika wa injin naitirojin da safe, ya jira su. Baƙin sun riga sun aiko da wani ɗan ƙunshi na kakin zuma, an liƙe shi da hatimi, suna so a buɗe a gabansu a niƙa su gani. Farfesa ya soma cewa kada ya taɓa lambobin, Na-gane ya ɗaga hannu. Kun san abin da ya ce.

Da ya zauna shi kaɗai da injin ya yi lissafi, sai hankalinsa ya tashi. Goma, da niƙa huɗu, da hutu uku a tsakani, minti ashirin da huɗu ke nan. A cikinsu goma sha shida injin shiru yake yi. Wato manyan baƙi za su tsaya cirko-cirko suna kallon akwati yana fitar da tururi, shi kuma yana gefe hannu a aljihu kamar wanda ya zo rakiya. Wannan ai tonon silili ne. Nan take dabara ta zo masa, kuma ta yi masa kyau har ya yi dariya shi kaɗai. Ba da kaki zai saita injin ba, da baƙin zai saita shi. Zai tayar da shi tun suna zauren taro, su shigo su tarar da shi yana rugugi a zagayen ƙarshe, ya tsaya cak a gabansu, shi kuma ya buɗe ya zazzage musu gari a faranti. Daga nan wa zai yi maganar wata Mai-tabarau?

Abu biyu yake bukatar sani: tsawon jawabin Farfesa, da tsawon tafiya daga zaure zuwa ɗakin injin. Jawabin ba matsala, don shekara goma sha ɗaya Farfesa jawabi ɗaya yake yi wa kowane baƙo, Na-gane ya haddace shi har da inda ake tari da inda ake kurɓar ruwa. Da ya koma gida da yamma ya damƙa wa matarsa agogo, ya tsaya tsakiyar falo ya karanto shi tun daga godiya ga mahalarta har zuwa ƙalubalen da ke gabanmu. Matar ta saurara tana tsince wake a tire. Da ya gama ta ce minti goma sha takwas ne, ta kuma tambaye shi ko yarinyar da aka tura kwas ta san da wannan shiri. Ya ce kwas na kwana uku ba ya goge shekara ashirin da uku. Ta ce haka ya faɗa ranar da ya gyara mata firiji, kuma har yau a gidan ƙanwarta take ajiye nama.

Safiyar Laraba aka gan shi a baranda yana tafiya hannu a baya, ciki a gaba, yana tsayawa gaban allon sanarwa yana gyaɗa kai, yana nuna wa iska hanya. Tafiyar manya yake gwadawa. Sau uku ya yi ta, kowace ta ba shi minti huɗu. Iya ta jingina da sandar goge-gogenta tana kallo, ta tambaye shi ko ƙafar ce ta motsa, don ta san mai magani. Ya ce kimiyya yake yi, ba abin da ya shafe ta.

Goma sha takwas da huɗu, ashirin da biyu. Injin na son ashirin da huɗu. Sai an rage biyu. Ya shiga allon ya rage su daga sanyayawa, goma ta koma takwas, injin bai yi gardama ba. To abin da ya yarda da takwas me zai hana shi yarda da biyar? Ya yarda. Da uku ma ya yarda. Na-gane ya ƙara tabbatar wa kansa cewa masu kamfanin sun sa goma ne don a riƙa sayen naitirojin da yawa. Mintunan da ya tsira da su ya zuba su a niƙa, tunda ita ce ake ji. Hutu kuwa ya matse shi har sai da allon ya ƙi sauka ƙasa da haka.

Ya ce bari ya gwada. Ya samo guntun kyandir a aljihun tebur ya jefa a bututu, ya tuttula naitirojin a cikin injin. Farin tururi ya malalo ƙasa ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, wani dakta da ke wucewa ya leƙo da gudu yana tambayar ina wutar take. Garin korar daktan da hannu biro ya zame daga aljihun Na-gane ya faɗa ruwan, da ya tsamo shi da hantsaki ya ajiye a tebur sai ya rabe gida uku. Ya ce dama biron ya tsufa.

Ya nutsa bututun, sannan ya koma allon neman inda ake tayarwa. Ya latsa nan, allon ya koma wani harshe. Ya latsa can, ya tambaye shi kwanan wata. Ya fi minti ashirin yana wannan kokawa, bututun kuwa yana zaune cikin naitirojin yana shan sanyinsa a natse. Kafin ya gano maɓallin, kyandir ya daskare fiye da yadda ake bukata ma. Injin ya buga, ya tsaya, Na-gane ya buɗe ya ga gari fari tas mai laushi. Wannan sa'a ita ta kashe shi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa daburcewarsa ce ta yi aikin sanyayawar ba. Allon ya tambaye shi ko ya adana sababbin lambobi a kan na da, ya latsa e da ƙarfinsa. Ya duba bai ga abin ƙunshe garin ba, sai ya ɓamɓaro takardar Mai-tabarau daga bango ya naɗe shi a ciki ya kai wa matarsa ta gani da idonta.

Saura mai ba shi alama. Ɗakin injin ba ya jin abin da ake yi a zaure, don haka ya nemi Iya, tunda ita ce ke iya tsayawa bakin kowace ƙofa ba a kore ta ba. Ya ce da zarar ta ga Farfesa ya miƙe, ta buga bokitinta sau uku da ƙarfi. Ya zaci za ta ja masa rai. Sai ta ce za ta yi, kuma ba ta son ko godiya, ita dai a bar ta ta tsaya a ɗakin in baƙin sun shigo.

Ranar Alhamis ya zo cikin farar rigar aiki da aka sa wa sitaci har tana ƙara in ya motsa. Ya cika injin. Ya ɗauki ƙunshin baƙin ya juya shi, ya dubi hatimin, ya yanke hukuncin cewa hatimi don ƙananan ma'aikata ake yin sa. Ya farke. A ƙa'ida kashi ɗaya cikin uku na bututun ake cikawa don sanda ta sami wurin kai da komowa, amma Na-gane ya ga in garin ya yi kaɗan faranti zai yi kama da na marowaci, sai ya danna kakin duka da babban yatsa har ya kusa baki. Ya toshe, ya riƙe bututun a hannu, ya kasa kunne.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna bokiti ya yi ƙara sau uku. Ya nutsa bututun, wannan karon kuma ya san maɓallin, ko daƙiƙa biyar bai ɓata ba. Injin ya yi ɗan shirunsa na minti uku, ya kama bugu. Na-gane ya gyara tsayuwa, ya ɗora hannu ɗaya a kan injin kamar mai ɗaukar hoto da sabuwar mota, ya fuskanci ƙofa. Minti ashirin da biyu suka cika. Injin ya tsaya. Baranda shiru, ko takun kyanwa babu.

Ya jira minti biyu, ya ga jiran ba zai yiwu ba. Ya ciro bututun ya ɗaga shi saitin fitila. Ta jikin bututun ya hango gari a gefe-gefe, tsakiya kuwa dunƙule ne guda yana kallonsa. Ya yi ta maza ya ce wa kansa ai sauran bugu ɗaya ne. Sai dai ya fara sanin inda baƙin suke. Ya ajiye bututun a wuri mafi kusa da hannunsa, wato kan tanderun da ake busar da kwalabe, wanda tun safe yake kunne, ya fita da sanɗa.

Ya tarar da Iya a bakin zaure. Ya tambaye ta cikin raɗa ko an gama jawabin, ta ce ko farawa ba a yi ba, baƙin takardu suke ta dubawa tun ɗazu.

"To me ya sa kika buga?"

"Ka ce in ya miƙe. Ya miƙe ya ƙara gudun fanka, ya koma ya zauna."

Ya buɗe baki zai yi mata faɗa ke nan sai ya ji muryar Farfesa daga ciki tana godiya ga mahalarta. Hankalinsa ya ɗan kwanta. Yana da minti goma sha takwas cur, da huɗu na tafiya. Ya tsaya ya ɗan saurara don ya tabbatar jawabin na tafiya daidai, leɓɓansa na bin kalmomin. An zo tarihin kafa sashen, an yi tarin farko. Ana shirin kurɓar ruwa sai wata siririyar murya ta mace ta ce, cikin ladabi, duk wannan sun karanta shi a takardun da aka ba su, ko za a taimaka a kai su su ga aiki. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa katse jawabin nan. Aka soma jan kujeru.

Tafiyar da ya auna minti huɗu, a daƙiƙa ashirin ya yi ta, rigar sitaci na ƙara kamar ana yayyaga kwali. Ya fizgo bututun daga kan tanderu, ya ji shi da ɗumi kamar kofin shayi. Lokacin tunani ya wuce. Ya jefa shi cikin injin, ya ƙarasa juye ɗan naitirojin da ya rage a babban filas, ya hau allon. Sanyayawa ya mayar da ita sifili. Niƙa ya kai ta ƙarshen abin da allon ya yarda. Ƙarfin bugu ma haka. Ya latsa, injin ya ɗauka da rugugi, shi kuma ya mayar da hannunsa inda yake ɗazu ya haɗa murmushi daidai lokacin da ƙofa ta buɗe.

Farfesa ne a gaba, fuskarsa ba daɗi saboda jawabinsa da aka yanke. Bayansa wata 'yar dattijuwa ce ƙarama mai jaka a hammata da littafi a hannu, ita ce shugabar baƙin, sai maza biyu da ke biye da ita. Mai-tabarau na shigowa ta dubi bango inda takardarta take, ta dubi allon, ta dafe baki. Iya ta shige kusurwa da bokitinta ta sami wurin kallo mai kyau.

Na-gane ya yi musu barka da zuwa da murya sama da ta injin. Ya ce sun zo a daidai, aiki ya kusa kammala, don a wannan ɗaki ba a ɓata wa manya lokaci. Yana cikin magana sautin injin ya soma sauyawa. Ɗazu ƙwas-ƙwas yake yi, ƙarfe na dukan ƙarfe. Yanzu ya koma ɗuf, ɗuf, kamar ana kirɓa abu mai danshi a turmi. Na-gane ya ƙara murya don ya rufe. Bugun ya yi ta ja baya, ya yi ɗaya mai nauyi, sannan ya ɗauke, sai gurnani kawai injin yake yi. Ya ce wannan shi ake kira matakin tacewa.

Dattijuwar ta kawar da kai daga gare shi. Ta tambayi Farfesa ina ƙunshin da suka aiko. Farfesa ya dubi Na-gane, Na-gane ya nuna injin da alfahari. Ta rubuta wani abu. Ta matsa gaban allon ta sa gilashinta, ta karanta lambobin a fili ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda malamar makaranta ke karanta sakamakon wanda ya zo na ƙarshe. Sannan ta tambaya wa ya saita.

Da Na-gane ya yi shiru a nan da wataƙila an ce kuskure ne. Amma ina. Ya gyara wuyan riga ya ce shi ne, kuma hanya ce tasa ta kansa wadda ba a rubuta a littafin kamfani ba, domin lambobin kamfani na 'yan koyo ne. Ya ce jiya ma ya gwada, garin na gida wurin iyalinsa in ana son shaida.

"To buɗe mu gani, Malam," in ji ta.

Ya kashe injin ya ciro bututun. Toshin ya ƙi fita. Ya sa abin cirewa ya murɗa, ya ƙi. Ya matse bututun a hammata ya ja, sanyi ya ratsa rigar ya sake shi da sauri. Ɗaya daga cikin mazan ya riƙe masa gindin, shi ya ja kan, suka yi ta ja-in-ja a gaban Farfesa har toshin ya fita da ƙara, Na-gane ya yi baya ya zauna cikin kwandon shara. Ya miƙe ya kifa bututun a kan farantin da ya tanada. Ba abin da ya zubo. Ya bubbuga, ya girgiza, ya zura hantsaki ya jawo. Abin ya fito a hankali, guda ɗaya, dogo, santal: sandar ƙarfen ce kaki ya lulluɓe ta tun daga sama har ƙasa, ya narke ya sake daskarewa da siffar bututun. Ya faɗa farantin ya gangara.

Daga kusurwa Iya ta ce, "Ashe kyandir injin yake yi. Da an faɗa mini da na kawo lagwani."

Mutumin da ya taya shi ja ne ya fara fashewa da dariya, ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na rawa. Farfesa kuwa ba dariya a ransa, jijiyar goshinsa har ta tashi. Na-gane ya soma kame-kame, ya ce kakin ne ba mai kyau ba, ya ce wutar lantarki ce ta yi ƙasa, ya ce an buga masa bokiti ba a kan lokaci ba. Dattijuwar ta tambaya wane bokiti, sai ya gane ya yi suɓul da baka, ya haɗiye sauran.

Ta buɗe jakarta ta ciro wani ƙunshin irin na farko da hatiminsa. Ta ce ta daɗe a wannan aiki, ba ta fita da guda ɗaya. Aka aika aka cika filas daga sito. Mai-tabarau ta sa safar hannu, ta ɗauki sabon bututu, ta auna kaki kashi ɗaya cikin uku, ta latsa lambobinta da ka ba tare da ta nemi takarda ba. Allon ya nuna minti goma ya soma ƙirgawa baya.

Na-gane ya soma zamewa wajen ƙofa, wai zai duba wani aiki. Dattijuwar ta ce ya dawo ya tsaya nan gaban allon, tana so ya ga wannan ɓangaren musamman. Ya tsaya. Tururi na malala a hankali, injin shiru, mutum bakwai shiru. A minti na biyu ya ce dama shi ma da goma ya fara, ta ɗaga yatsa ɗaya ba ta ko dube shi ba. A minti na biyar hannunsa ya kai kan wata kwalba zai ɗaga ta saitin fitila, ya ga idon Farfesa, ya ajiye. Bai san inda zai sa hannuwansa ba. Zufa ta karyo masa a ɗakin da kowa ke jin sanyi, sitacin rigar ya saki ya manne masa a baya. Tunda ya fara aiki bai taɓa tsayawa haka a gaban shugaba ba abin da yake yi ba, kuma kunyar da ya ji a mintunan nan ta fi ta kwandon shara.

Injin ya buga minti biyu, ya huta, ya buga, ya huta, har sau huɗu. Mai-tabarau ta murɗe toshin da yatsu ya fita salin-alin, ta kifa bututun, gari ya zubo ruwan ɗorawa mai laushi, sandar ta biyo baya tas ba ko ɗigo a jikinta. Dattijuwar ta shafa shi da ɗan cokali, ta gyaɗa kai, ta yi rubutu mai ɗan tsawo. Sannan ta ce wa Farfesa aikin ya yi, amma akwai gurbi a takardarta da ke neman a faɗi mutum ɗaya da ke da alhakin injin nan, kuma ba za ta fita ba sai ta cike shi.

Farfesa bai jira tafiyar baƙi ba. Ya nuna Mai-tabarau, ya miƙa wa Na-gane tafin hannu ya ce makulli.

Na-gane ya zura hannu cikin wuyan rigarsa. Da safen nan, don kada wani ya ce a ba shi aro, ya rataya makullin a wuya da igiyar takalmi, ya ƙulle ta ƙulli uku, ya ja da haƙori. Ya ɗaga igiyar zai fitar ta kai, ta tsaya a haɓa. Ya gwada ta ƙeya, ta kama kunnuwa. Ya sa farce a ƙullin, zufa ta riga ta jiƙa shi ya ƙara ɗamewa. Ya yi ta fama kansa a sunkuye, baƙi na jira, Farfesa hannunsa na nan a miƙe bai sauke ba.

Mai-tabarau ta ɗauko almakashi daga aljihun tebur. Ba ta yi dariya ba, ita kam. Ta matso ta ce a hankali, "Baba, ɗan ƙara sunkuyawa."

Ya sunkuya. Yana kallon ƙasa ya ce, da 'yar muryar da ta rage masa, ko ba komai dai sun ga ɗauri, wannan ba a koyar da shi a kwas. Almakashin ya yi ƙas, makullin ya faɗa tafin hannunta, ta sa shi a aljihu, aka wuce da baƙi ɗaki na gaba.

Makullin bai kai nauyin ƙaramin cokali ba, kwana biyu kacal kuma ya yi da shi. Amma har aka tashi aiki, har ya shiga mota, har ya isa ƙofar gidansa, hannunsa bai daina komawa ƙirjinsa yana laluben inda yake ba.